Ba alkama, ba nama: me yaron zai ci a waje?

Yau maganarmu a kan yaron da likita ya hana wa alkama har abada, kuma dama can ba ya cin nama ko kifi. A gida abin da sauƙi, tunda tukunya taki ce. Wahalar tana farawa ne daga bakin ƙofa: wurin mai niƙa, kasuwa, gidan abinci, gidan biki.

Alkama da sha'ir suna ɗauke da wani sinadari da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Mai cutar siliyak idan gulutin ya shiga cikinsa, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta lalata bangon ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse amfanin abinci. Sai yaro ya yi ta ci amma babu auki: gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, rashin girma. A duniya kusan mutum 1 cikin 100 na da ita. Kuma kada a ce cutar Turawa ce, domin binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu fiye da 5 cikin 100 suna ɗauke da ita. Maganinta guda ne, barin gulutin gaba ɗaya.

Wadda take zargin ɗanta na da ita, kada ta cire masa alkama kafin a yi gwaji. Gwajin jinin yana buƙatar yaron ya kasance yana cin ta, in ba haka ba sakamako zai iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan.

Abin kwantar da hankali shi ne, abincinmu na gado yawancinsa babu gulutin. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake, waken suya, gyaɗa, riɗi, duk nasa ne. Tuwon masara da miyar kuka, faten wake, alale, ƙosai, awara, dambun shinkafa, kwaɗon zogale, fura da nono. Wanda ya samu wannan ai bai yi rashi ba.

Na alkama kuma sanannu ne: burodi, gurasa, funkaso, alkubus, alkaki, fanke, cincin, biskit, taliya kowace iri. Ki ƙara da tuwon semo da kuskus, waɗanda mata da yawa ba su san daga alkama ake yin su ba. Waɗannan ba su ne ke kayar da yaro ba, tunda ana ganinsu a fili. Fulawar da ta ɓuya ita ce abin tsoro.

Ɗauki ɗanwake. Asalinsa garin wake ne da rogo da kuka da kanwa, amma yanzu masu sayarwa da yawa da fulawa suke yin sa. Wasu masu waina kan zuba 'yar fulawa a ƙullu. Mai tuya kan tsoma fanke da ƙosai a mai guda. Sai babban tarko, injin niƙa. Injin da ya gama niƙa wa maƙwabciyarki alkama shi zai karɓi masararki, kuma garin farko da zai fito da sauran alkama yake fitowa. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce, abinci ba ya cin sunan marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba. Kin ga ke nan ɗan abin da ya maƙale a inji ya isa ya yi ɓarna. Ki nemi mai injin da ba ya niƙa alkama, ko ki ware garin farko ki ba sauran mutanen gida. In da hali, turmi ko injin markaɗe na gida ya fi.

A kasuwa ki sayi hatsi tsabarsa, ki tsince, ki wanke da kanki. Garin da aka riga aka niƙa aka ƙulla a leda ba ki san da me aka haɗa shi ba. Ki lura da mudun mai awo, shi ne yake shiga buhun alkama ya fito ya shiga na gero. Kayan gwangwani da na kwali kuwa, ki juya bayansu ki karanta. Kalmomin da za ki nema da Turanci su ne "wheat", "barley", "rye", "malt" da "semolina". Ki duba su a kan dunƙulen ɗanɗano, garin shayi, lemon molt, har da garin kunun yara. Kamfani kan canza haɗinsa, don haka ki riƙa dubawa ko da kin saba sayen abin. Daddawa, albasa, citta da tafarnuwa sun wadatar da miya.

A gidan abinci, kada ki ce "akwai gulutin a ciki?", mai abincin ba za ta gane ba, kuma za ta ce babu don kada ta rasa ciniki. Ki tambaye ta da harshenta: "Hajiya, an sa fulawa a ɗanwaken nan?" "Me da me aka soya a man nan?" "Da romon nama aka dafa shinkafar?" Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin dafa-duka da miya galibi da romo ake yin su ko da ba ki ga tsoka ba. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ki koma kan abin da ba ya ɓoye komai: shinkafa da wake da mai da yaji, dafaffen ƙwai, dafaffiyar doya, gasasshiyar masara, ayaba.

Gidan biki da gidan suna sun fi ko'ina wuya, saboda kunya. Gwaggo za ta miƙo alkaki ta ce, "Haba, ɗan wannan me zai yi masa?" Zai yi. Ko yaro bai yi gudawa a ranar ba, hanjinsa ya ji. Ki ciyar da shi ya ƙoshi kafin ku fita, ki saka masa gyaɗa, dabino ko awarar gida a jaka. Ki karɓi kyautar da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce, "Gwaggo, likita ne ya hana shi." Manya ba su cika jayayya da wannan ba. Shi ma yaron ki koya masa ya faɗi haka da bakinsa, don ranar da ba kya kusa, kuma ki sanar da malaminsa.

Saura maganar nama. Yaron da ba ya cin nama, kuma hanjinsa bai gama warkewa ba, ƙarancin jini na kusa da shi. Sinadarin ayan yana cikin wake, waken suya, zogale da alayyahu, kuma jiki ya fi tsotse shi idan an haɗa da tumatir ko lemon zaƙi. Shayi yana rage tsotsewar, ki raba shi da lokacin cin abinci. Bitamin B12 kuwa ba a dogara da ganye ko hatsi wajen samun sa, sai ƙwai, nono da madara. In yaron ba ya cin waɗannan ma, ki gaya wa likita ya rubuta masa na sha, a kuma riƙa duba jininsa da nauyinsa.

Wadda ta san wani abincinmu da ake ɓoye fulawa a ciki, ta rubuto a ƙasa don wata uwar ta amfana. Allah ya raya mana zuri'a, ya ƙara musu lafiya.