Dutsen Farar Ƙasa da Ruwan Shanmu: Abin da ke Ƙarƙashin Kwarin Rima

A duk lokacin da aka zo haƙa rijiyar burtsatse a Gwadangaji ko Argungu, tambayar jama'a ita ce ƙafa nawa za a yi a iske ruwa. Ba kasafai muke tambayar irin dutsen da ruwan ya ratsa ba, alhali a nan lafiyarsa take.

Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki. Ɓawon halittun ruwan da suka taru a gindinsa shi ne ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa, wanda ya fito fili a Kalambaina kusa da Sakkwato, inda masana'antar siminti ta fara aiki a 1967. Daga can dutsen yana nutsewa yamma, har yashi da yumɓun da masana suka raɗa wa sunan Gwandu suka danne shi. A kan wannan shimfiɗa ta Gwandu Birnin Kebbi take zaune, kuma daga yashinta rijiyoyinmu masu zurfi suke sha.

Halin dutsen farar ƙasa dabam ne. Ruwan sama yana da ɗan tsami, saboda haka yakan bi tsagar dutsen yana cin sa sannu a hankali, har tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. Ta haka kogon Mammoth na Amurka ya samu, wanda hanyoyinsa da aka auna sun haura kilomita 600. A nan kusa, maɓuɓɓugan da ke ciyar da tafkin Kware daga wannan dutse suke fitowa. Matsalar ita ce yashi yana tace ruwa, amma ramin dutse ba ya tacewa. Ƙazantar masai ko maganin feshi da ta faɗa ciki takan isa rijiyar maƙwabci yadda take.

Don haka ya zama wajibi shugabannin ƙananan hukumomi su nemi rahoton binciken ƙasa daga ɗan kwangila kafin a kafa injin haƙa, kuma a liƙe wuyan rijiya da siminti. Inda masu fasa dutse suka zo, hakimai da dagatai su sani cewa a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007 Gwamnatin Tarayya ce ke ba da lasisi, kuma dokar ta tanadi yarjejeniya da al'ummar wurin kafin a fara haƙa. A cikin wannan yarjejeniya ya dace a rubuta wanda zai gyara rijiya idan ruwanta ya janye.