Agogo, Rana da Alƙibla: Mu Gwada Kafin Mu Gaskata

Akwai wata dabara da ta daɗe a littattafan 'yan sikawut da na matafiya, yanzu kuma ta shigo wayoyin 'ya'yanmu a zanguna. Ana cewa duk wanda ke ɗaure da agogo mai hannuwa ba zai ɓata a daji ba muddin rana tana sama. Ga yadda ake yi: ka kwantar da agogon a tafin hannunka, ka juya shi har gajeren hannunsa, wato mai nuna awa, ya saiti rana. Sai ka raba tazarar da ke tsakanin wannan hannu da lamba 12 gida biyu. Inda tsakiyar ta faɗa, nan ne kudu. Idan ƙarfe 4 ne na yamma, lamba 2 ce za ta nuna maka kudu, daga nan sauran kusurwoyi uku su fito.

Akwai hikima a cikin wannan lissafi. Gajeren hannun agogo yana zagaya fuskar agogo sau biyu a kwana ɗaya, rana kuwa sau ɗaya take zagayowa. Hannun yana cin digiri 30 a awa guda, rana tana cin 15, shi ya sa ake raba tazarar biyu. Muna so yaranmu su san wannan, domin yana ɗaga kan yaro daga waya zuwa sama. Sai dai ra'ayinmu shi ne kada a miƙa musu shi a matsayin gaskiyar da ba ta da iyaka, saboda zanen aro ba ya rufe katara. Samaniyar Turai aka auna aka yanka wannan dabara, mu kuwa a Gana muke zaune.

A Ingila ko Jamus, rana ba ta taɓa hawa tsakar ka ba. Kullum ta ɓangaren kudu take ratsawa, a karkace, tana jan jiki a hankali daga gabas zuwa yamma, don haka tafiyarta ta yi kusa da tafiyar hannun agogo. Kumasi kuwa digiri 7 bai cika ba tsakaninta da layin da ya raba duniya biyu, Ankara ma ta fi kusa. A wurinmu rana takan miƙe tsaye daga gabas, ta daɗe a can tana hawa, ta tsallake kanmu da tsakar rana, sannan ta gangara yamma. Lissafin digiri 15 a kowace awa ba ya zama daidai a ƙasa idan rana tana irin wannan tafiya.

Mu ɗauki misali. A ƙarshen watan Maris, da ƙarfe 9 na safe a Kumasi, dabarar agogo tana ɗauka cewa rana ta ci rabin hanya tsakanin gabas da kudu, alhali kuwa da kyar ta gusa daga gabas. Wanda ya bi agogo a wannan lokaci zai kauce da kusan digiri 40. Abin ya fi muni daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba, domin a waɗannan watanni rana ta arewacinmu take bi. Mutumin da ya gwada dabarar da tsakar rana a watan Yuni, agogo zai nuna masa arewa ya ce kudu ce. Sai a wajen Disamba, lokacin hunturu, da rana ta koma kudu sosai, dabarar takan ɗan yi gaskiya. Iyayenmu mata masu shanya sun san wannan juyi ba tare da littafi ba: bangon da ke ba da inuwa da azahar a damina, shi ne rana ke duka da hunturu.

Laifin ba na agogonmu ba ne. Gana tana amfani da agogon GMT, kuma layin da ake fara ƙidayar lokacin duniya daga kansa ya ratsa ta Tema, don haka ƙarfe 12 namu bai yi nisa da ainihin tsakar rana ba. Matsalar tana ga inda muke a doron ƙasa.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda kowace waya tana da kamfas. Amsarmu ita ce waya takan mutu, wuta takan ɗauke, kamfas ɗinta kuma yakan rikice kusa da ƙarfe ko mota. Mu kuwa al'umma ce da ke neman jiha sau biyar a yini. Direban da ya tsaya a bakin hanya tsakanin Kintampo da Tamale, da ɗan kasuwar da ya sauka a garin da babu masallaci, da waɗanda za su haƙa kabari a sabuwar maƙabarta, duk suna bukatar sanin inda za su fuskanta. A bakinmu ma "gabas" da "alƙibla" sun zama kamar kalma ɗaya, amma daga Kumasi ko Ankara alƙibla tana gabas maso arewa ne, da kimanin digiri 25. A watan Yuni mafitar rana tana kusan daidai da alƙibla. A Disamba kuwa wanda ya fuskanci mafitar rana ya kauce da kusan digiri 50. Malamai sun sauƙaƙa cewa jiha ake nema ga wanda ke nesa da Ka'aba, to amma wanda ya ba ta baya gaba ɗaya bisa dogaro da dabarar da bai gwada ba, ya yi sakaci.

Kakanninmu fataken Gwanja, waɗanda suka yi watanni a hanya daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, ba su da agogo. Madugu da jagaba suna karanta mafitar rana da inuwa, suna sanin lokaci da fitowar Gamzaki, suna lura da Kaza da 'Ya'yanta, suna kuma tambayar mutanen gari, domin matambayi ba ya ɓata. Ilminsu ya yi musu aiki saboda a kan hanyar da suke takawa suka gwada shi.

Inuwa har yanzu ta fi agogo riƙon amana a ƙasarmu. A kafa sanda a tsaye a fili mai laushi, a sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta, a jira kamar minti 20, a sake sa wata a sabon ƙarshen. Tsakuwar farko tana yamma, ta biyu tana gabas, ko rana ta arewa take bi ko ta kudu. Ya fi daidai idan aka yi shi dab da tsakar rana.

Akwai kuma ranakun da agogo da rana suke haɗuwa su ba mu alƙibla ba tare da kuskure ba. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogonmu na Gana, ƙarfe 9:18 da 9:27 na safe ke nan. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan minti ya fuskanci Ka'aba. Ba sai an kalli ranar da ido ba: a kafa sanda a miƙe, a tsaya a ƙarshen inuwarta a fuskanci sandar, a ja layi a ƙasa. Idan hadari ya rufe sama, tunda damina ce, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta bambancin kaɗan ne.

Muna kira ga malaman makarantunmu na allo da na Islamiyya da su fito da yara fili a waɗannan ranaku, da sanda da agogo, su ja layin alƙibla a harabar makaranta da hannunsu. A koya musu dabarar agogo, a kuma sa su gwada ta a Yuni da Disamba su ga bambancin da idonsu, domin gani ya kori ji. Yaron da ya kama kuskuren littafi da inuwar sanda zai tashi da ɗabi'ar auna duk abin da aka kawo masa daga nesa kafin ya ɗauka, kuma wannan ɗabi'a muke bukata a zangunanmu. Allah ya sa mu dace.