Ko kun sani? Jirgin sama cikin jirgin ruwa

Jama'a, akwai jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku kamar kifi. Amma ko ya taso, ba ya hangen nesa. Don haka sojan Ingila suka yi wa wani, mai suna M2, ɗaki a bisansa. Ciki suka aje ƙaramin jirgin sama mai fukafukai masu naɗewa. Yakan tashi ya dubo abokan gaba, ya sauka bisa ruwa, a ɗauke shi da ƙugiya.

Ran 26 ga Janairu 1932, M2 ya nutse, bai sake tasowa ba. Mutum 60 suka halaka. Da aka gano shi, an tarar da ƙofar ɗakin a buɗe. Ana zaton an buɗe ta tun jirgin bai gama tasowa ba. Sauri ya haifi nawa.