Ɗan Bindiga Ba Ya Hukunta Kowa



Makon jiya wata 'yar uwa a zauren nan ta turo mini gajeren labarinta in duba. Labarin ya yi daɗi, a wani ƙauye na yankinmu Birnin Gwari ta kafa shi. Amma jimla ɗaya ta tsaya mini a rai, inda ta ce 'yan bindiga sun hukunta mutanen garin saboda sun ƙi biyan haraji. Na tambaye ta me ya sa ta zaɓi waɗannan kalmomi biyu, sai ta ce ai haka ake faɗa a labarai. Gaskiyarta. Ni dai ina ganin kuskure ne, kuma mu masu alƙalami bai kamata mu riƙa maimaita shi ba.

Asalin matsalar fassara ce. Rahoto ya fito da Turanci, an ce punish ko levy ko fine, mai fassara yana sauri, sai ya ɗauko kalmar farko da ta zo masa: hukunci, haraji, tara. Ƙamus ba zai ƙaryata shi ba. Sai dai kowace ɗaya daga cikinsu tana tafe da kayanta.

Hukunci daga Larabci muka aro shi, kuma ba ya tsayuwa sai da abu uku: mai laifi, doka, da wanda aka ba ikon yankewa. Alƙali ke yanke hukunci. Da zarar ka rubuta cewa an hukunta manomi, ka riga ka gaya wa mai karatu cewa manomin ya yi laifi, wanda ya harbe shi kuma yana da hurumi. To wane laifi mutumin Kakangi ko Randagi ya yi don ya je gonar da ya gada? Horo ma ya fi nisa da wannan wurin, domin da shi ake horar da doki, ake horon yaro, manufarsa gyara. Tara kuwa sai an karya doka hukuma ke cin mutum ita.

Haraji ne ya fi ƙona mini rai. Kalma ce mai tarihi a ƙasar nan. Kakanninmu sun biya haraji da jangali ta hannun dagatai da hakimai tun zamanin Turawa, sun yi ta kuka da su, har Balarabe Musa ya soke su a jihar Kaduna bayan ya hau mulki a 1979. Komai zaluncin harajin wancan lokaci, akwai rasiti, akwai baitulmali, akwai wanda za ka kai wa ƙara. Kuɗin da manomi ke haɗawa ya kai bakin dajin Kamuku kafin a bar shi ya girbe masararsa ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Su mutanen dajin suna so a kira shi haraji, don kalmar tana ɗora musu rawanin da babu wanda ya naɗa musu. Sunansa ƙwace, ko kuɗin dole.

Na san za a ce mini mutanen ƙauyen da kansu haraji suke cewa. Haka ne, kuma ban ce a cire kalmar daga bakin taurarin labari ba. Idan tsoho a labarinki ya ce an aza mana haraji, ki bar shi, don haka ake magana, kuma akwai ɗaci a ciki. Idan shugaban daba ya ce zai hukunta gari, ki bar shi, wannan girman kan nasa ne. Abin da nake ƙi shi ne muryar mai ba da labari, wato ke marubuciya, ta ari bakinsa ta ci masa albasa.

Fansa kuwa mai fuska biyu ce. Kuɗin fansa daban, ɗaukar fansa daban. Duk wanda ya rubuta harin ramuwar gayya ya riga ya yanke cewa akwai wanda ya fara, alhali a rikicinmu kowane ɓangare, 'yan sa-kai da mutanen daji, yana da ranar da yake fara lissafi daga ita. In ba ka binciko ba, ka ce hari kawai.

Kada wani ya ɗauka wannan jayayyar malaman nahawu ce. A watan Nuwamba 2021 babbar kotun tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Mutanen su ne dai, dajin shi ne dai, suna kawai aka sauya, amma dokar da ta hau kansu ta sauya da shi. Sannan a ƙarshen 2024, da aka yi sulhu har Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, sai ga wasu kalmomin sun shigo: tuba, afuwa, yafiya, diyya. Afuwa hukuma ke yi, yafiya kuwa sai wanda aka zalunta, babu gwamnan da zai yafe a madadin matar da aka kashe wa miji. Diyya kuma haƙƙin magada ce, tallafin buhun shinkafa bai zama ita ba.

'Yar uwar nan ta sake turo mini jimlar jiya da dare. Ta rubuta cewa sun ƙone rumbunan garin saboda mutane sun kasa haɗa kuɗin da suka yanka musu. Na ce mata ta duba kasa da ƙi ma, don a rubutun farko ƙi ta sa, a na biyu kasa. Ta ce tana nan tana tunanin wanne ne ya faru a ƙauyen nata.