Buhun Da Ke Ɗauke Da Hoton Ɗan Takara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, ambaliyar da ta auka wa Jihar Jigawa a shekarar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a yankunan kogin Haɗeja, ciki har da Miga, kuma ta zo ana dab da zaɓen 2023. A irin wannan lokaci ne ɗan siyasa mai da'awar kishin talaka yake aiko da hatsi da hotonsa a jikin buhu, a raba ta hannun shugabannin jam'iyya.

Ɓarnar wannan ta fi amfaninta. Na farko, mabuƙacin da ba ɗan jam'iyya ba sai ya koma gida hannu rabbana. Na biyu, ƙungiyoyin taimakon kai da kai, waɗanda a da suke ɗaure bakin kogi da aikin gayya, sai su naɗe hannu suna jiran mai girma. Na uku, ƙungiyar da ta karɓi buhun ba ta da bakin tambayar inda kuɗin gyaran magudanan ruwa suka shiga.

Alhali kuwa aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas masu cin zakka, babu katin jam'iyya a ciki. Aya ta 264 a Suratul Baƙara kuma ta hana ɓata sadaka da gori da riya.

Don haka muna kira ga manoman Miga su miƙa zakkar amfanin gona ga kwamitin zakka na Masarautar Dutse, shi kuma kwamitin ya nisanci tutar kowace jam'iyya.

Allah Ya sa mu dace, amin.