Lauya ko Ɗan Aike? Abin da Ya Sami Herbert Kalmbach

'Yan'uwa ɗalibai, a kowace shekara jami'o'inmu suna yaye lauyoyi da akantoci da masu ilmin mulki, kowa da irin kujerar da yake hange. Amma akwai wani aiki guda da ba a koyar da shi a aji, ba a kuma tallarsa a jarida, alhali kuwa yana nan yana jiran waɗansu daga cikinmu, watau riƙe wa ɗan siyasa jakar kuɗinsa. Masu neman mulki sun fi son ba lauya wannan jaka, domin ya san inda doka ta tsaya, an san shi da riƙon asiri, sa'an nan in ya yi sallama a ofishin attajiri ba a barinsa a tsaye. Muna so mu duba rayuwar wani lauyan Amurka da ya riƙe irin wannan jaka, domin a ganinmu abin da ya kai shi kurkuku ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

An haifi Herbert Kalmbach a Jihar Michigan a 1921. Ya tuƙa jirgin sama a rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan ya karanta shari'a a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. A can ya yi abota da Robert Finch, wanda ya haɗa shi da Richard Nikson. Mu lura da wannan: abokin karatu ne ya buɗe masa ƙofar. Ya yi wa Nikson hidima a zaɓen 1960 da na gwamnan Kalifoniya a 1962, duka biyu aka sha kaye, bai gudu ba. Da Nikson ya ci zaɓen 1968 sai aka yi masa tayin babban muƙami a Ma'aikatar Ciniki, ya ce a kai kasuwa. Ya zaɓi ya zama lauyan Shugaban Ƙasa na kansa, mai kula masa da sha'anin gida da dukiya, har da cinikin gidansa na San Clemente a 1969.

Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce wannan gudun duniya ne. Ina! Mai riƙe da muƙami yana rantsuwa, Majalisar Dattawa tana tantance shi, ana iya kiransa ya yi bayani. Lauyan Shugaba kuwa babu rantsuwar ofis a wuyansa, amma kowa ya san da kunnen wa yake magana. Ofishin lauyoyin da ya kafa a 1967 ya bunƙasa cikin 'yan shekaru, manyan kamfanoni irin su United Airlines da Marriott da MCA suka riƙa kawo masa aiki. Ba mu jin cewa a dare ɗaya ilminsa ya ƙaru.

Bayan zaɓen 1968 an sami rarar kuɗin yaƙin neman zaɓe kimanin dala miliyan 1.7, galibinsu tsaba, aka damƙa masa amana. Ba ya fitar da ko sisi sai da umurnin H. R. Haldeman, shugaban ma'aikatan fadar. Daga cikin wannan ajiya aka zari dala 400,000 a 1970 aka aika Jihar Alabama a asirce, don a taimaki Gwamna Albert Brewer ya kayar da George Wallace a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat, watau jam'iyyar adawa, saboda Nikson yana tsoron Wallace ya raba masa ƙuri'u a 1972. Kuɗin sun tafi, Wallace kuma ya ci zaɓensa. Ta hannun Kalmbach ɗin dai aka riƙa biyan wani matashin lauya, Donald Segretti, wanda aikinsa shi ne ƙirƙiro wasiƙun ƙarya da haddasa husuma tsakanin 'yan takarar adawa.

Sai dai inda ya fi gwaninta shi ne tarawa. A 1970 ya zagaya attajirai yana karɓar alkawura don wani asusun ɓoye da ake gudanarwa daga wani gida a Washinton, wanda ya tara kusan dala miliyan 4 don 'yan takarar Majalisa, ba tare da shugaba ko ma'aji ko rahoto ba kamar yadda dokar 1925 ta tanada. A cikin wannan zagaye ne ya yi wa J. Fife Symington, jakadan Amurka a Trinidad da Tobago, alkawarin za a mai da shi wata ƙasa a Turai in ya ba da dala 100,000. An ba da kuɗin, kujerar ba ta samu ba.

Labarin da ya fi nuna yadda abin yake aiki shi ne na kamfanin jiragen sama na American Airlines. Tun 1907 doka ta hana kamfanoni ba da gudummawa a zaɓen tarayya. Duk da haka shugaban kamfanin, George Spater, ya fito a 1973 ya amsa cewa sun ba da dala 55,000 daga aljihun kamfani, ya kuma ce Kalmbach ne ya nemi gudummawa a wurinsa. To, a dubi matsayin Spater. Mutumin da ke zaune a gabansa lauyan Shugaban Ƙasa ne, kuma shi ne lauyan United, babban abokin gasarsa, ga shi kamfaninsa yana da buƙatar haɗewa da wani kamfani tana jiran amincewar gwamnati. Kalmbach ba ya bukatar ya yi barazana, kuma ba mu ji an ce ya yi ba. Rigunan nan biyu da ya sa sun isa su yi magana a madadinsa. Spater da kansa ya ce tsoro ne yake sa a ba da irin waɗannan kuɗi. Wannan shi ne abin da muke ƙi game da lauya mai tara wa mai mulki kuɗi alhali yana riƙe da aikin kamfanoni: ko da bakinsa bai faɗi haram ba, zuwansa kaɗai ya zama tilas.

Sa'an nan aka zo ga Watergate. Ran 17 ga Yuni 1972 aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat. Kafin watan ya ƙare John Dean, lauyan fadar, ya kira Kalmbach Washinton, ya ce ana so ya nemo kuɗi don biyan lauyoyin waɗanda aka kama da ciyar da iyalansu, amma a yi cikin sirri ƙwarai. Ya amsa. Ya ɗauko wani tsohon ɗan sandan ciki na New York, Anthony Ulasewicz, ya zama mai kai saƙo. Suka riƙa amfani da sunayen ƙarya, suna magana ta wayar kan titi kaɗai, har Ulasewicz ya sayi irin abin zuba tsabar nan na kwandastan mota ya ɗaura a ƙugu saboda yawan buga waya. Ana ajiye kuɗi a akwatin ajiyar kaya na filin jirgin sama, a manna mabuɗin a ƙarƙashin akwatin waya, mai ɗauka ya zo ya ɗauka ba a ga juna ba. Ta wannan hanya kimanin dala 220,000 suka bi ta hannunsa.

A nan muke so mu daɗe, domin nan ne zuciyar maganar. Da abin ya fara damunsa, sai ya tafi wurin John Ehrlichman, ɗaya daga cikin manyan na hannun daman Nikson, ran 26 ga Yuli 1972. Kamar yadda ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa a Yuli 1973, ya dubi Ehrlichman ido cikin ido, ya tuna masa cewa ya san matarsa da 'ya'yansa, ya san kuma ba shi da abin da ya fi iyalinsa da mutuncinsa, ya roƙe shi ya tabbatar masa aikin nan halal ne. Ya ce Ehrlichman ya tabbatar masa, ya ce ya ci gaba. Da yawa waɗanda suka ji wannan shaida sun tausaya masa. Mu ma mun tausaya, amma tausayi bai hana mu tambaya ba: a cikin ɗakin nan, wa ya kamata ya san amsar? Mutumin da ya shekara ashirin yana aikin lauya, wanda ya ga sunayen ƙarya da mabuɗi a ƙarƙashin waya, ba ya bukatar kowa ya fassara masa abin da yake gani. In sadaka ce ga iyalan da suka shiga wahala, me ya kawo ɓuya? Abin da ya je nema wurin Ehrlichman shi ne wanda zai ɗauke masa nauyin sanin da ya riga ya yi. Ya kai tambayar ga wanda ya fi kowa bukatar a ce e, ya kuwa samu e ɗin. Bayan wannan ganawa ya karɓo dala 75,000 tsaba daga hannun Thomas Jones, shugaban kamfanin Northrop, ya zuba a cikin aikin, kafin ya janye hannunsa.

Aikin lauya kuwa, in an tuɓe masa baƙar riga da hular gashi, shi ne ya gaya wa mai gidansa abin da doka ta ce ko da ba ya son ji. Ranar da ya koma shi ne mai tambayar mai gida ko abu ya halatta, to, ya sauka daga lauya ya zama ɗan aike, sai dai ɗan aike mai tsada. Dubi kuma yadda aka saka masa. A Afrilu 1973, sa'ad da asiri ya fara tonuwa, Ehrlichman ya yi magana da shi ta waya yana ɗaukar muryarsa a faifai bai sani ba, don ya tanadi abin kare kansa. Da aka zo gaban Majalisa kuma bai yarda zancensu ya gudana yadda Kalmbach ya faɗa ba.

Za a ce mana, ai neman kuɗin zaɓe ba laifi ba ne. Gaskiya ne. Siyasar jam'iyyu ba ta yiwuwa sai da motoci da ofisoshi da talla, kuma gara a ce mai tara kuɗin ya san doka da a ce jahili ne. Za a kuma ce ba a tuhumi Kalmbach da sace asusun ya gina gida ba, kuma da aka tsare shi ya faɗi gaskiya, har ya fashe da kuka a kotu a 1974 yana ba da labarin kuɗin Jones. Duk mun yarda. Amma wannan shi ne ya sa labarinsa ya fi na ɓarawo ban tsoro. Da ɗan damfara ne, da attajiran nan ba su buɗe masa ƙofa ba. Kamalarsa da sunansa mai kyau su ne jarin da fadar ta juya, shi kuwa ya miƙa su don biyayya. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mu kuwa muna ganin bafade mai kirki wanda ba ya iya cewa a'a ya fi yi wa mugun sarki amfani.

Amurka ta yi gyare-gyare bayan wannan. A 1974 aka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara a dala 1,000 a kowane zaɓe, aka kafa Hukumar Zaɓe ta Tarayya, ƙungiyar lauyoyin ƙasar kuma ta wajabta wa makarantun shari'a koyar da ladubban aiki. Dokar 1980 ta ce kada gudummawar siyasa ta zama dalilin naɗa jakada, ko da yake shugabannin jam'iyyun biyu sun ci gaba da tura manyan masu ba da kuɗi manyan biranen Turai. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli na 1976 da 2010 kuma sun sake buɗe wa kuɗi hanyoyi masu faɗi.

Mu da muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga wurinsu a 1979, mun aro shi da tsadarsa. Dokar Zaɓe ta 2010 ta ce kada ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe fiye da naira biliyan 1, amma a Disamba 2014 an yi liyafa ɗaya a Abuja inda aka sanar da gudummawar sama da naira biliyan 21. Irin waɗannan kuɗi ba sa tafiya da ƙafarsu. Sai an sami mai rubuta takarda, da mai rajistar kamfani, da mai sa hannu a ofis, kuma daga cikin irinmu ake ɗaukarsu. Saboda haka muna kira ga tsangayoyin shari'a da na mulki su sa shari'ar Kalmbach cikin abin da ake karantawa, da shaidarsa gaban Majalisa, a kuma tattauna ta a zauren ƙungiyar ɗalibai tun kafin a fara yi mana tayin jaka.

Ran 25 ga Fabrairu 1974 ya amsa laifi biyu: asusun ɓoye na 1970, da alkawarin kujerar jakada. Mai shari'a John Sirica ya ɗaure shi wata 6 zuwa 18 da tarar dala 10,000, a ranar 17 ga Yuni, shekara biyu cif da fasa ofishin nan. Yana cikin kurkuku Nikson ya yi murabus a watan Agusta, yana ciki kuma Shugaba Gerald Ford ya yafe wa Nikson dukkan laifinsa ran 8 ga Satumba. An sake shi a Janairu 1975, an dakatar da shi daga aikin lauya na 'yan shekaru, daga baya aka mayar masa da lasisinsa. Ya koma Newport Beach ya zauna nesa da siyasa har ya mutu a 2017 yana da shekara 95.