Gambo Ta Sha Ɗauri, Wa Ya Hau Kujerar?

Duk wanda ya zaga rumfunan zaɓe na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a 2023 ya ga abin da muka gani. Mata sun ja layi tun da hantsi, wasu da goyo, wasu tsofaffi da sanda, rana tana dukansu. To, da aka gama ƙirga, kujeru 40 na Majalisar Dokokin Kano duk maza suka haye. Ko mace ɗaya babu.

Jama'a, ƙuri'ar nan ba sadaka aka ba matan Arewa ba. An haifi Hajiya Gambo Sawaba a 1933. Tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU a Zariya, zamanin da ambaton jam'iyyar kaɗai kan jawo wa talaka bulalar 'yan doka. Ta zo Kano tana bin gidaje tana yi wa matan kulle bayani. En'e ta kama ta, alƙali ya ɗaure ta, aka kore ta daga garin. Sau 16 ana jefa ta kurkuku. Mene ne laifinta? Ta ce mace ta yi zaɓe, a sa 'ya mace makaranta, a bar aurar da ƙananan yara. A zaɓen 1959 matan Kudu suka jefa ƙuri'a, namu aka ce su zauna a ɗaka. Sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa.

A wannan shekara ta 1979, can a Italiya, wata mace mai suna Nilde Iotti ta zama shugabar Majalisar Wakilai, ta riƙe har 1992. Ita ma 'yar adawa ce, ta jam'iyyar Kwaminis. Tun 1946 aka zaɓe ta, shekarar da matan ƙasar suka fara zaɓe. Ba ta fi Gambo zuciya ba. Abin da ya raba su, jam'iyyarta ta tsayar da ita. Gambo kuwa ta rasu a 2001 ba ta taɓa zama a majalisa ba, sai asibiti aka sa wa sunanta a Zariya.

A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurin keɓe wa mata kujeru. Ba mu yi mamaki ba, mai cin tuwo ba ya son a ƙaro hannu. Amma kada mu tsaya zagin masu mulki, gemunmu ma da ƙura. Mu da muke kiran kanmu magadan Sawaba, me muke ba matanmu? Atamfa da guɗa ranar taro, sai muƙamin shugabar mata, wadda ba a kiranta daren da ake raba takara.

Muna kira ga shugabanninmu na Tarauni, in an zo tsayar da 'yan takara a zaɓe mai zuwa, a sauke wa mata kuɗin takarda, a yi zaɓen fid da gwani da rana a gaban kowa, kuma a tsayar da mace a kujerar da muke da ƙarfin ci, ba wadda muka riga muka fid da rai ba.